FASHIN BAƘI: Idan kan injin tsohuwar Fijo ya tsage, a yi walda ko a sauya? Lissafin da ke gaban direbobin Jega, Aliero da Maiyama

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero zuwa Jega, ta miƙe kudu ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri, a watannin Maris da Afrilu, ya san wannan yanayin. Tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, an labta mata buhunan albasa har sun haura kan direba, ta tsaya a gefen kwalta, bonet a buɗe, tururi na tashi. Direba ya riƙe ƙugu yana kallon injin, yaron mota kuwa ya nufi rijiya mafi kusa da jarka a hannu.

Abin da za a yi da ruwan jarkar nan cikin minti goma masu zuwa shi ne zai yanke ko motar za ta kwana a kasuwa ko a gareji. Idan aka yi haƙuri injin ya huce, wataƙila a tsira da ɗan gyara. Idan kuwa aka kwarara ruwan sanyi a cikin injin da ya ɗauki zafi, ana iya tsaga kan injin, wato abin da makanikai ke kira tof silinda. Daga nan magana ta tashi daga ta sa'o'i ta koma ta makonni, kuma tambayar da mai mota zai kwana da ita ita ce: a yi wa kan walda, ko a nemo wani?

A Turai, 504 ta zama motar masu sha'awar kayan tarihi, ana goge ta ana kai ta baje koli. A Kudancin Kebbi da tsakiyarta har yanzu jakar aiki ce: ita ke shiga gonakin fadama inda tirela ba ta iya shiga, ita ke fito da albasa da shinkafa da gero zuwa bakin titi. Don haka tsagewar kan injinta ba ta mai mota kaɗai ba ce. Manomin da ya riga ya cire albasarsa ya tara ta a rana, da ɗan dako, da yaron mota, duk suna cikin asarar.

Mene ne kan injin, kuma me ya sa na 504 ke da saurin fushi?

Injin mota gida ne mai hawa biyu. A ƙasa akwai bulok, inda fistin ke hawa da sauka cikin ramukan silinda. A sama akwai kan injin, murfin da ya rufe waɗannan ramuka. A jikinsa ne bawul na shigar da iska da fetur da na fitar da hayaƙi suke, a nan ake ɗaura fulogi, kuma a ƙarƙashinsa ne wuta ke kamawa sau dubbai a cikin minti guda. A cikin ƙarfen kansa an huda hanyoyin ruwa da na baƙin mai. Tsakanin bulok da kai akwai gasket, wanda aikinsa shi ne raba abubuwa uku da bai kamata su haɗu ba: wuta, ruwa da mai.

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a 1968, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. Injinta na fetur, kamar na yayarta 404 da ta fito a 1960, bulok ɗinsa na baƙin ƙarfen zubi ne, kansa kuwa na alminiyam. Wannan haɗi yana da amfani, domin alminiyam ba shi da nauyi kuma yana saurin watsar da zafi. Amma a nan rauninsa yake. Idan aka dumama su daidai wa daida, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke yi. Muddin zafin injin bai wuce ƙima ba, gasket da kusoshi suna shanye wannan bambanci. Da zarar ruwa ya ƙare ko ya tafasa, kan injin zai nemi miƙewa, kusoshi su riƙe shi, sai ya lanƙwashe. Idan aka ci gaba da tafiya a haka, ko aka girgiza shi da ruwan sanyi, sai ya tsage a inda ƙarfen ya fi siranta: tsakanin mazaunin bawul biyu, ko daga mazaunin bawul zuwa ramin fulogi.

Ba rana ɗaya ake tsaga shi ba

Direbobi kan ɗora wa zafin bazara laifi, kuma suna da ɗan gaskiya, domin a wannan yanki zafin rana yakan haura digiri 40 a watannin da ake kwasar albasa. Sai dai an ƙera lagireto ne don ya jure irin wannan. Abin da ke kashe shi a hankali shi ne ruwan da ake ɗura masa.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa. Duk macen da ta daɗe tana dafa ruwa a buta ɗaya ta san farin dattin da ke daskarewa a gindinta. Haka yake taruwa a cikin siraran bututun lagireto da hanyoyin ruwa na kan injin, ya toshe wasu, ya zama bargo tsakanin ƙarfe da ruwan da zai sanyaya shi. Bayan haka, tsurar ruwa ba ta da maganin tsatsa. Inda alminiyam da baƙin ƙarfe suka zauna cikin ruwa ɗaya, alminiyam ne ke cinyewa. Shi ya sa idan aka cire kan tsohuwar Fijo ake ganin bakunan hanyoyin ruwa sun zaizaye kamar gara ta ci. Ruwan sanyaya injin na kanti, mai launin kore ko ja, babban aikinsa a ƙasa mai zafi irin tamu shi ne hana wannan cin, ba hana daskarewa ba. Amma kuɗi ne, kuma motar da ke yoyo kullum ba a iya ciyar da ita da shi.

Sai murfin lagireto, wanda mutane ke rainawa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsi a ciki, ya ɗaga wannan mataki zuwa wajen 115 ko 120. Wanda ya maye gurbin murfinsa da tsumma ko leda ya zubar da wannan rata da hannunsa. Akwai kuma al'adar cire tamostat, bisa cewa na ƙasashen sanyi ne. Cire shi yana ɓoye alamar ciwo na ɗan lokaci, amma bai wanke lagireto ba, bai ɗaure fanbel da ya saki ba, bai gyara famfon ruwan da fukafukansa suka cinye ba. A ɗora a kan wannan duka lodin da ya ninka abin da aka ƙera motar ta ɗauka, a hanyar yashi, a giya ta ɗaya ko ta biyu, inda injin ke ihu iska kuwa ba ta ratsa lagireto. Kuma a yawancin waɗannan motoci allurar nuna zafi ta daɗe da mutuwa. Tururi ne ke sanar da direba.

Gasket ne ko tsaga ce?

A nan ne kuɗin mutane ke fara zubewa. Alamomin ƙonewar gasket da na tsagewar kai kusan ɗaya ne: farin hayaƙi mai yawa daga salansa ko bayan injin ya dumama, ruwa na raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto idan injin na aiki, baƙin mai ya koma kalar koko da madara, injin na rawa da safe saboda ruwa ya jiƙa fulogi ɗaya. Makanike ba zai iya rantsuwa a kan wanne ne ba sai ya cire kan.

Abin da ya fi yawan faruwa shi ne a cire, a ga gasket ya ƙone, a sa sabo a ɗaure. Bayan mako biyu mota ta dawo da ciwonta, a sake sayen gasket, a sake biyan kuɗin aiki. Sau da yawa ƙonewar gasket sakamako ce, ba sanadi ba. Kan da aka cire yana bukatar gwaji uku kafin a mayar da shi.

Na farko, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskarsa, tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, a zura siraran ma'aunai a ƙarƙashi don a ga ko ya lanƙwashe. Na biyu, a nemi tsagar. Gwajin maganaɗisu da ake yi wa baƙin ƙarfe ba ya aiki a alminiyam, sai dai a yi amfani da rini mai ratsa tsaga. Tsofaffin makanikai suna da tasu dabara mai wannan ma'ana: a wanke kan tas, a jiƙa shi da kananzir, a goge, a shafa garin alli, inda tsaga take kananzir zai tsattsafo ya zana layi a kan allin. Na uku, kuma shi ne mafi tabbaci, a toshe dukkan hanyoyin ruwa, a hura iska mai matsi a ciki, a nutsar da kan cikin ruwan zafi a ga inda kumfa ke fita. Ruwan zafi ake so domin akwai tsagar da ba ta buɗe baki sai ƙarfe ya dumama.

Gwaji na ukun nan yana bukatar kayan da ba kowane gareji ke da su ba, shi ya sa ake ɗaukar kan injin a buhu zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, wani lokaci har Kaduna ko Kano. Kuɗin mota da kwanakin jira su ne ke sa mai mota ya ce a ɗaure kawai, Allah Ya kiyaye.

Inda walda ke ci, da inda ba ta ci

Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa da masu ɗorin karaya, kuma duk wanda ya taɓa raka majinyaci wurinsu ya san ba su fara ɗauri sai sun lalubo inda ƙashin ya karye da yadda ya karye. Haka ya kamata a yi wa kan injin. Zaizayar bakin hanyar ruwa, ko tsaga a bayan kai inda wuta ba ta kaiwa, ana cike su da walda su daɗe. Tsagar da ta ratsa tsakanin bawul biyu ta nutsa har hanyar ruwa kuwa wata magana ce, domin wurin ne mafi zafi a duk injin, kuma ba a iya kaiwa gindinta sai an cire mazaunan bawul.

Waldar alminiyam ba irin ta ƙofa da taga ba ce. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, amma ɓawon da ke rufe fuskarsa ba ya narkewa sai zafi ya haura 2,000. Kuma ba ya yin ja kafin ya narke, balle mai walda ya ga gargaɗi. Yana nan fari sai kawai ya rufta. Aikin ƙwarai yana tafiya ne kamar haka: a huda ƙarshen tsagar biyu don kada ta ci gaba, a kankare ta har gindi, a fitar da man da ƙarfen ya sha shekara da shekaru, a dumama kan gaba ɗaya, a yi waldar da injin da ke aiki da iskar argon, sannan a bar shi ya huce sannu a hankali. Bayan haka sai a mayar da mazaunan bawul, a fere fuskar kan a injin fira ta koma daidai, a sake gwajin matsi. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan ya rufe bakin tsaga ne kawai, cikinta na nan.

Fira ma tana da iyaka. Duk lokacin da aka fere fuskar kai, ɗakin da wuta ke kamawa yana raguwa, matsi ya ƙaru, injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ya kuma ƙara zafi. Kan motar da ta shekara talatin ko arba'in a hanya da wuya a ce ba a taɓa fere shi ba, wataƙila sau biyu ko uku. Akwai kuma lahanin da ido ba ya gani: alminiyam ɗin da ya sha zafi fiye da kima yakan yi laushi. Irin wannan ko an yi masa walda mai kyau ba zai riƙe ɗaurin kusoshi ba, gasket zai sake saki. A ganina, kan da ya haɗa tsaga tsakanin bawul da laushi da tsohuwar fira, kashe masa kuɗi zuba ruwa ne a kwando. Su kuwa garin da ruwan gam da ake zubawa a lagireto don toshe yoyo, suna iya kai mota gida, amma suna toshe bututun lagireton tare da tsagar.

Sauyi: daga ina?

A takarda, amsar mai sauƙi ce: a sayi wani. A kasuwa ba haka take ba. Faransa ta daina ƙera 504 ta ɗaukar fasinja tun 1983, Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, daga nan aka rufe babin. Abin da ake samu yanzu galibi na hannu ne, ko wanda aka ciro daga motar da ta mutu a nan gida, ko ɗan Baljiyam da ya biyo ta Ladipo a Legas, Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Kowanne daga cikinsu ya yi shekarun da wanda ake son sauyawa ya yi, kuma mai sayarwa ba ya ba da tarihinsa. Don haka gwaje-gwajen nan uku sun wajaba a kansa kafin a biya, ba bayan an ɗaure ba. A kuma lura 504 ba injin ɗaya gare ta ba: akwai mai cc 1,796, akwai mai 1,971, akwai na dizal, kuma kamannin waje ba ya nufin komai zai zauna daidai.

Adadinsu kuma raguwa yake yi, ta wata hanya da ba a cika lura da ita ba. Alminiyam na da daraja a wurin 'yan gwangwan, kuma masu zubin tukwane suna narka irin waɗannan sassa. Ba mamaki tukunyar da ake dafa abincin biki a wani gida a Maiyama, da can kan injin Fijo ce.

Sai batun canji. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wani ƙarfe da ya ƙetaro teku, sabo ko tsoho, da gasket, da iskar argon, da sandar walda, sun bi wannan hawa. Fetur kuwa, bayan sanarwar cire tallafi ta ranar 29 ga Mayun 2023, ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura 1,000 a ƙarshen 2024, ya cinye rarar da direba kan ajiye don ranar gyara. Wannan ne ya sa wasu ke zaɓar hanya ta uku: a sauke injin Peugeot gaba ɗaya a dasa na wata motar Japan da kayan gyaranta ke samuwa. Yana aiki idan an dace da makanike, amma sai an sake mazaunin injin da haɗin giya, kuma lambar injin da ke takardun mota ta daina dacewa da abin da ke ƙarƙashin bonet, abin da zai iya jawo magana a shingen jami'an duba motoci.

Ko walda aka yi ko sauyi, ranar ɗauri na iya ɓata komai. Ramukan silinda na wannan injin hannayen riga ne da ake cirewa, ruwa na zagaye su. Idan aka fizgi kan sama kai-tsaye, ko aka juya injin alhali kan na ƙasa ba tare da an danne su ba, suna iya motsawa, hatimin da ke gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Sai a zargi mai walda da laifin da ba nasa ba. Kusoshin kai kuma ana ɗaure su ne daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da sufana mai awo, ba da ƙarfin dantse da guntun bututu ba.

Inda siyasa ta shigo

Mai karatu na iya cewa: motar da ta kai wannan shekaru ai hutu ya kamace ta. Ta fuskar lafiyar hanya akwai gaskiya a ciki, domin mai tsagaggen kan injin da wuya birkinta ya zama sabo. Amma kafin a ce a ajiye ta, sai a faɗi abin da zai maye gurbinta a gonakin Aliero, da kuɗin da za a saye shi.

A shekarun 1970 Najeriya ta kafa masana'antun harhaɗa motoci shida: Peugeot a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauchi, da ta manyan motocin Fiat a Kano. Manufar ita ce a fara da harhaɗawa, sannan a hankali a riƙa ƙera sassan a gida. Matakin da ya fi wuya, wato zubin manyan sassan injin kamar bulok da kai, shi ne bai kafu ba. Kamfanin ƙarafa na Ajakuta bai kammalu ba har yau, masana'antar narkar da alminiyam ta Ikot Abasi ta fi shekara goma a kwance. An sayar da kamfanin Peugeot na Kaduna ga 'yan kasuwa a 2006, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012 saboda bashi.

Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan labari. A 2016 an sanar cewa gwamnatocin Kebbi da Kaduna, tare da Aliko Ɗangote da Bankin Masana'antu, sun haɗa kai don neman sayen kaso mafi tsoka na kamfanin. A 2022 kuma sabon kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, ciki har da akori-kura ƙirar Landtrek. Farashin sabuwar mota irin wannan da aljihun mai jigilar albasa daga fadama zuwa bakin titi, tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. 'Yan jihar suna da haƙƙin su tambayi gwamnatinsu abin da ya biyo bayan waccan sanarwa, nawa aka zuba idan an zuba, da abin da ya dawo.

Abin da wannan yanki ke bukata a yau bai kai masana'antar mota girma ba: injin fira, teburin gwajin matsi, injin waldar argon, wutar lantarki da za ta riƙe su, da matasan da aka koya wa aiki da su. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006, tana koyar da aikin injiniya, a kan hanyar da waɗannan motoci ke tafasa. Akwai hukumar tarayya ta NADDC da aka ɗora wa bunƙasa harkar motoci, ciki har da horar da makanikai, akwai kuma ƙungiyar makanikai ta NATA da ta san waɗanda ke aikin. Haɗa ukun nan a bita guda tsakanin Jega da Aliero zai rage tafiyar da kan injin ke yi a buhu, ya kuma rage yawan gasket da ake sayen sa sau biyu.

Kafin a kai can, mai Fijon da aka ɗaure wa kai a wannan makon yana da sauran aiki. A wanke lagireto ko a sauya shi, a sa murfi mai riƙe matsi, a farfaɗo da allurar zafi, a zubar da baƙin man da ruwa ya taɓa. Bayan tafiyar wajen kilomita 1,000 kuma ya koma gareji da injin a sanyaye a sake bin kusoshin kai da sufana mai awo, domin sabon gasket yakan kwanta. Wannan komawar ce aka fi tsallakewa, musamman idan ta faɗo a tsakiyar kakar albasa, lokacin da kowace rana a gareji lodi biyu ne ko uku suka wuce.